Jakar Magani a Kafaɗar Hagu

Da sunan Allah da ya shimfiɗa ƙasa ya tsaga mata hanyoyi, ya ba wasu bayinsa gindin zama ya hana wasu. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta. Bayan haka, ya ku masu saurare, ku gyara zama, ni kuwa ku bar ni a tsaye, don ban iya ba da labari a zaune ba.

Sunana Jatau ɗan Anaruwa, mutumin Ƙaraurawa ta bayan Duwatsun Gishiri. Sana'ata zane. Tun ina ƙarami in na kalli mutum, ba fuskarsa nake gani ba, abin dariyar da ke cikinta nake gani. Mai dogon hanci in ƙara masa kamu guda, mai tumbi in sa masa amalanke yana tura shi. Da gawayi nake yi a jikin bango. Sai dai abin haushi, kafin gari ya gama dariya mai bango ya zo da tsumma ya goge, in ma bai goge ba ruwan sama ya taya shi. Wata rana wani falke ya ce mini a birnin Kandarma, can ƙarshen Baƙin Gulbi, akwai masu sassaƙa zane a katako, su shafa tawada, su matsa a takarda, zane ɗaya ya haifi dubu kafin azahar. Wallahi an zuba mini tuwo a lokacin, ban tsaya ya huce ba na ɗauki sandata.

Bayan tafiyar wata biyu na faɗa Rinjaya, garin da ciwo ya zama ado. A can girman mutum gwargwadon ramarsa. Attajiri lafiyarsa ƙalau zai fito yana nishi, likita na bin sa da laima da kwalbar shaƙa. Matan manya kuwa matsattsaku suke jerawa a wuya maimakon sarƙa, su sha musu jini su yi fari fat, a ce ai wance 'yar babban gida ce. Talaka kuma doka ta hana shi suma a kan titi, sai ya daure ya kai gida. Ina zan iya ganin wannan in kame hannuna? Na sami bangon kasuwa na zana magajin garin, siriri kamar sillen kara, da matsattsaku goma sha biyu a jikinsa, kowanne da hularsa da tumbinsa. Kan ka ce kwabo 'yan doka sun biyo ni. Na faɗa rumfar wani maginin tukwane, na dangwali jar ƙasa da gawayi na yi wa fuskata ɗigo-ɗigo irin ƙurajen agana, na fito ina layi, na buɗe hannu zan rungume shugabansu ina cewa, "Ɗan'uwa, taimake ni da ruwa." Tabɗijam! Mutanen da ke sayen ciwo da kuɗi, da suka ga na gaske har da masu tsallake katanga. Su da kansu suka buɗe mini ƙofar gari daga nesa da doguwar gora.

Daga nan na shiga jirgin ruwa mai hayaƙi, muka yi kwana goma sha tara a Baƙin Gulbi. Sauron kogin nan ya biya bukatarsa a jikina. Ranar da muka iso Kandarma ban san inda kaina yake ba. Ma'aikatan jirgi suka sauke ni tare da buhunan albasa suka yi gaba.

Da na farfaɗo sai na ga wata halitta a kaina, baƙar riga har ƙasa, doguwar hula, fuska a rufe da ƙyalle, ido kaɗai ke waje. Na fara kalmar shahada. Sai muryar tsohuwa ta fito daga cikin ƙyallen.

"Ajiye shahadarka, ɗan nan, ba yau ba ne. Buɗe baki."

Ta ɗura mini wani abu mai ɗacin da har yau in na tuna sai yawuna ya tsinke. Wannan ita ce Iya Tasalla. Kwana takwas na yi a zaurenta, tana ba ni magani da kunun tsamiya da faɗa.

A zauren nan na san yadda Kandarma take. Birnin a jikin tsauni yake. Masu hali na sama, ana ce wa unguwarsu Tudu. Masunta da 'yan dako da marina na ƙasa, a Kwari. Duk ruwan wanke-wanken Tudu ta wata doguwar kwata ta dutse yake gangarowa Kwari. Likitocin garin kaf shigarsu ɗaya, baƙar riga da hula da ƙyallen fuska, ba ka gane namiji balle mace. Abu ɗaya ke raba su. Mai duba mutanen Tudu a kafaɗar dama yake rataya jakar magani, mai duba mutanen Kwari a hagu. Likitocin Dama su arba'in ne. Ba sa saukowa, sai dai su aiko da kwalaben wani abu wai shi ruwan lafiya a sayar wa talakawa ranar kasuwa. Likitar Hagu kuwa guda ɗaya ce tak, Iya Tasalla, kuma kullum cikin hana mutane sayen kwalaben nan take, shi ya sa na Dama ba sa ko son jin sunanta.

Sannan akwai Tukunyar Dariya. Wata ƙatuwar tukunya ce a ƙofar kasuwa. In aka buga zanen wani yana aikata abin kunya, sai a rataye shi a samanta kwana uku. Sarkin Tukunya na zaune da sanda yana kallon bakin masu wucewa. Duk wanda ya dara, ko yana so ko ba ya so, sai ya jefa tsakuwa ɗaya. In ta cika kafin faɗuwar ranar kwana na uku, a ƙone kayan sana'ar mutum, a sa shi a jirgi, shi da Kandarma har abada. Da na ji haka sai na ce a raina, yauwa, ga garin da aka san darajar mai zane.

Iya ce ta kai ni wurin Malam Cindo mai ɗab'i, wani dattijo mai yatsu shida da magana ɗaya-ɗaya. Ran farko ya ɗaga katakon kanya ya ce, "Abin da ka sassaƙa a dama, takarda za ta kai shi hagu. Kada ka kuskura ka shafa tawada sai ka duba katako a madubi. Abin da madubi ya nuna maka, shi gari zai gani."

Na ce, "Na ji, Malam." Ƙarya nake, idona na kan injin buga takarda da ke shagon.

Wata uku cur bai bar ni na sassaƙa komai ba sai ganyayyakin ado na gefen takarda. Ganye, ganye, ganye! Ni da na zana magajin Rinjaya! In na yi magana ya ce shi shekara uku ya yi yana ganye. Na rinƙa kewaya shagon nan kamar akuyar da aka ɗaure kusa da rumbu.

Ana nan ya aike ni Tudu in kai wa wani mai shago takardun liƙa wa kwalba. Na ratse ta bayan gidaje don in gajarta hanya, sai na yi turus. Ga wani likita ya ba ni baya, ya duƙa a bakin kwata, jaka a kafaɗar dama, yana cika kwalaben ruwan lafiya da ruwan kwatar nan, yana ɗiga musu shuni yana toshewa. Raina ya ɓaci, amma kada in yi muku ƙarya, daɗin da na ji ya fi ɓacin ran yawa. Na sami abin zanawa.

Washegari Malam Cindo ya tafi sayen katako, tafiyar kwana uku. Ko ƙurarsa ba ta kwanta ba na jawo katako mafi kyau a shagon. Na sassaƙa likitan nan yadda na gan shi, ta baya, ɗuwawu a sama kamar an kifa ƙwarya biyu, hula na shirin faɗawa kwata, wani kwaɗo ya leƙo daga bakin kwalba yana zare ido. Na rataya masa jakarsa a dama, daidai yadda idona ya gani. Madubin yana nan rataye a bango, taku uku tsakanina da shi. Ban je ba. Da takardar farko ta fito, kwaɗon nake kallo ina ƙyaƙyata dariya ni kaɗai. Na buga dubu. Mata 'yan talla suka kwashe su tun tawada ba ta bushe ba.

Washegari da hantsi na sa rigata mai kyau na nufi kasuwa in sha yabo. Tun daga nesa na ji gari ya ɗauka. An riga an rataye zanen, tsakuwa na sauka a tukunya ƙwas, ƙwas, ƙwas. Na kutsa ina washe baki. Sai na ji wata mai kifi tana cewa, "Ashe haka Iya Tasalla take mana! Ta hana mu na kwalba, ashe ita ma daga kwata take ɗebowa."

Na ce, "Wace Iya Tasalla? Baiwar Allah, wannan ai na Dama ne."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kai makaho ne? Ga jaka a hagu."

Na ɗaga kai. Jama'a, ga jaka a hagu. Da a dama ta fito, mutum arba'in za su raba kunyar, ba a san na kamawa ba. A hagu kuwa mutum ɗaya ce a duk faɗin birnin.

Na hau kan wani turmi na yi ta ihu, ni na yi zanen, kuskure ne, katako ne ke juyawa. Wa zai saurare ni? Wani ɗan dako ya ce, "Malam, mu da muka gani da idonmu a takarda?" Abin da ya fi ƙona mini rai, har masu ƙaunarta ba su tsira ba. Na ga wani tsoho ya zo yana rantsuwa ƙarya aka yi mata, idonsa ya faɗa kan kwaɗon nan, dariya ta kuɓuce masa, Sarkin Tukunya ya nuna shi da sanda. Yana hawaye ya jefa tsakuwarsa.

Na ruga gidan Iya. Na tarar da ita tana daka saiwa. Na zube a gabanta na faɗi duk abin da na yi. Ba ta daina daka ba.

"Iya, ki zage ni mana. Ki buge ni da taɓaryar nan."

"In buge ka in ƙara wa kaina majinyaci?" Ta kwashe garin ta zuba a jaka. "Yau gida shida aka rufe mini ƙofa. A na shidan akwai yarinya mai irin zazzaɓin da ya kawo ka zauren nan. Tashi ka ba ni hanya, zan koma in sake bugawa."

Kwana na biyu tukunya ta wuce rabi. Na naɗe katakon a rigata na hau Tudu wurin alƙali. Na same shi a kan kilishi yana shan shayi, likitocin Dama biyu na zaune a gefensa.

Na durƙusa na ce, "Allah ya gafarta Malam, ga katakon da aka buga zanen da shi. A duba, jakar a dama take."

Ya kurɓi shayi. "Katako aka rataye a ƙofar kasuwa ko takarda?"

"Takarda, Allah ya gafarta Malam."

"Katako aka yi wa dariya ko takarda?"

"Takarda."

"To me ya kawo katako gabana? Amma tunda ka wahala ka hawo da shi, bar shi a nan ajiya."

Na waiga sai na ga wani bara yana fifita kaskon wuta, alhali ana tsakiyar bazara, zufa na karyo wa kowa. Na gane irin ajiyar. Na rungumi katakona na yi tsalle ta taga. Suka biyo ni, masu sanda ta gaba, masu sanda ta baya, ba sauran hanya sai kwata. Ta dutse ce, ga santsi, ta miƙe sambal har Kwari. Na aza katakon a ciki, na zauna a kai, na saki jiki. Kai! Iska na kaɗa mini kunne, ruwan wanke-wanke na watsa mini a baki, ina wuce gidajen attajirai da tagoginsu, mata na leƙowa suna salati. Na faɗo tsulum a bayan marina, ina wari amma da raina. Na yi dariyar mugunta, na ɗaga katakon in sumbace shi. Ashe a garin sauri fuskar zanen na kifa a ƙasa. Dutse ya kankare shi tas. Ba likita, ba jaka, ba kwaɗo.

A haka Malam Cindo ya dawo ya same ni a ƙofar shago, da la'asar. Tun a jirgi ya ji labari. Ya dubi katakon, ya dube ni.

Na ce, "Malam, a fasa tukunyar mana. Ko a kwashe tsakuwar."

"Tsakuwar da ta shiga ba ta fita." Ya zauna ya cire takalmi. "Amma tukunya tana sauya mai ita. In mutum ya zana kansa da hannunsa ya rufe zanen farko da nasa, duk abin da ke ciki ya koma kansa. Sharaɗi ɗaya ne, dariyar da za a yi masa ita za ta ƙarasa cika ta kafin rana ta faɗi. In ba ta cika ba, an ɗauka haɗa baki suka yi, su biyun za a sa a jirgi. Tun da nake ban ga wanda ya gwada ba."

Na shiga lissafi. Wata shida na tafiya da jinya da ganye, ga shi sai yanzu hannuna ya fara sanin katako. In aka kore ni daga Kandarma, ba wani gari a duniya mai injin nan. Na so in ce a bari in yi tunani. Sai na tuna tsohuwar nan tsaye a ƙofar da aka rufe.

Na ce, "Ba ni katako, Malam. Da madubin."

Ban taɓa kallon fuskata don neman abin dariya ba sai ranar. Ashe akwai shi jingim. Ga kunnuwa kamar faifai, ga haƙoran gaba da suka riga leɓe fitowa. Ban ajiye wuƙa ba sai da hantsin kwana na uku. Na zana kaina an ɗaura mini kai a juye, fuska na kallon baya, ina kai lomar tuwo ƙeya, wando a hannu, riga a ƙafa. A hannuna ɗaya ga katako da jaka a dama, a ɗayan ga takarda da jaka a hagu, don mai hankali ya gane abin da ya faru. Sau bakwai na kai shi gaban madubi.

Na buga shi a takarda, na rataye shi da kaina a kan zanen farko, na tsaya a ƙarƙashinsa. Da farko ba wanda ya dara. Mutane suka yi cirko-cirko suna duban zanen suna dubana. Rana ta karkata, tukunya da saura kusan kamu guda, zufa ta jiƙa ni sharkaf. Sai mai kifin nan ta ce, "La! Har kunnuwan!" Kasuwa ta fashe. Na juya musu ƙeya ina kai loma, suka ƙara. Na sa hannu a wando na yi tafiya da baya, yara da manya suna riƙe ciki. Ni da na saba a yi dariya da hannuna, ranar na ji yadda take in a kanka take sauka, zafi gare ta kamar ruwan barkono. Saura kaɗan rana ta faɗi tsakuwa ta zubo daga bakin tukunya. Amma na lura da abu ɗaya. Kunnuwana suke nunawa. Cikin ɗari da ƙyar biyar suka kalli katakon da takardar da ke hannuna a cikin zanen.

Da safe aka ƙone wuƙaƙena a ƙofar kasuwa, aka kai ni bakin ruwa jiran jirgi. Raina fari ƙal, ina jin kaina gwarzo. Can sai ga Iya Tasalla ta ɓullo layin masunta, jakarta a hagu. Ta buga wata ƙofa, aka buɗe. Na ce alhamdu lillahi. Ta miƙa wa matar gidan kwalba. Matar ta karɓa, ta sansana, ta ɗaga ta a rana, ta tsaya tana kallon ƙasa. Sai Iya ta karɓi kwalbar, ta ɗage ƙyallen fuskarta, ta kurɓa, ta haɗiye, ta buɗe baki ta nuna mata. Sannan matar ta karɓa. A ƙofa ta biyu haka. A ta uku haka.

Da ta iso kusa da ni na ce, "Iya, me nake gani? Ai an wanke ki."

"A tukunya aka wanke ni."

"Amma maganin zazzaɓin nan ai ba na mai lafiya ba ne. Ke da kanki kike cewa yana cin hanta."

"Yana ci."

"To gida nawa kike shiga a yini?"

"Talatin. Ran da gari ba lafiya, arba'in." Ta gyara igiyar jakarta. "Yarinyar nan ta sha jiya, bayan na sha. Ta tashi. Shiga jirginka, ɗan nan, kada ya bar ka."

Na kama gefen rigarta ina kuka kamar ƙaramin yaro, na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe tun shekaranjiya, in sake ta, rana na yi. Jirgi ya yi kuka, aka tura ni ciki. Ina tsaye a bayansa har muka sha kwana, ina hangen baƙar rigar nan a ƙofa ta huɗu, ta ɗaga kwalba ta kai baki.

Nan hikayata ta tsaya, ya ku masu saurare, Allah ya yafe mana abin da hannuwanmu suka aikata. Shekara tara ke nan. Duk garin da na sauka a bakin Baƙin Gulbi, in na ji an ce ga jirgin Kandarma ya iso, da gudu nake zuwa. In tare matuƙin in ce, "Don Allah, likitar Hagu fa?" Da ya buɗe baki sai in juya in bar wurin. Har yau ban taɓa tsayawa na ji amsar ba.